Dattin Cikin Sabon Tanki: Asarar Da Ke Cin Masu Manyan Motoci A Potiskum

POTISKUM — A kowace ranar Laraba manyan motoci kan yi jerin gwano a bakin kasuwar shanu ta Potiskum da ke Jihar Yobe, suna jiran lodin dabbobin da za su kai Legas, Fatakwal, Onica da sauran biranen kudancin ƙasar nan. Duk wanda ya duƙa ya duba gefen waɗannan motoci zai lura cewa da yawa daga cikinsu na ɗauke da tankin mai guda biyu, wato wanda motar ta zo da shi daga kamfani, da kuma wanda masu walda suka ƙera suka ɗaura mata daga baya. Wannan tanki na biyu yakan fito daga hannun maƙerinsa yana ƙyalli da sabon fenti, abin da ke sa mai mota ya ɗauka cewa cikinsa ma fes yake. Sau da yawa ba haka lamarin yake ba.

Sabon tanki, musamman wanda aka ƙera da hannu, yakan zo da ɓarɓashin ƙarfe, kashin walda, tsatsa da ƙura a cikinsa. Idan aka ɗaura shi aka cika shi da man gas ba tare da an wanke ba, wannan datti zai bi man zuwa filta, daga nan abin da ya kuɓuce wa filta ya isa famfon mai da nozul-nozul na injin, waɗanda suna daga cikin kayan mota mafiya tsada. Aikin da za a gama cikin yini guda da ɗan kuɗi ƙalilan sai ya rikiɗe ya zama gyaran da zai ajiye mota na tsawon makonni.

Ga garin Potiskum, batun ya wuce na gareji kawai, domin kuwa tayar mota ce ke riƙe da tattalin arzikin garin. Hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa shi ta Azare, akwai hanyar Bauchi da Jos, akwai ta Gombe, sannan ga wadda ta nufi Jakusko da Gashuwa a arewacin jihar. Layin dogon da aka shimfiɗa zuwa Maiduguri, wanda aka kammala a shekarar 1964, ta Gombe da Buni ya bi, bai taɓa Potiskum ba. Saboda haka duk buhun gero, dawa da wake, da duk saniyar da ta bar garin zuwa kasuwannin nesa, a bayan mota take tafiya. Ko da yake Damaturu aka bai wa hedikwata sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Yobe daga tsohuwar Jihar Borno a ranar 27 ga Agusta, 1991, Potiskum ce ta ci gaba da riƙe kambun ciniki a jihar, kuma ana lissafa kasuwar shanunta cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Harin da 'yan bindiga suka kai wa kasuwar a watan Mayu na 2012, inda aka rasa rayuka da dama, da kuma shekarun rashin tsaro da suka biyo baya, sun girgiza harkar ƙwarai, amma ba su raba garin da sana'arsa ta sufuri ba. A bayan kowace tirela akwai mai ita, da direba, da yaran mota, da 'yan kamasho, da masu lodi, da kanikawa, da masu faci, da masu sayar da abinci a tasha. Idan ta tsaya, duk waɗannan sun tsaya.

Dalilin ƙara wa mota tanki kuwa lissafi ne na kasuwa. An daɗe da cire hannun gwamnati daga farashin man gas a Nijeriya, tun kafin Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Don haka farashinsa yana bin kasuwar duniya da kuma nisan wuri daga bakin teku. A farkon shekarar 2022 ana sayar da lita a kan abin da bai wuce naira 350 ba a yawancin wurare, amma bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a watan Fabrairu na wannan shekara, sai da ta kai naira 800 kafin shekarar ta ƙare, daga bisani kuma ta haura naira 1,000. Matatar Dangote da ke Legas ta fara fitar da man gas a farkon 2024, abin da ya ɗan sassauta farashin, sai dai bai kawar da bambancin da ke tsakanin kudu da arewa ba. Direban da ya sauke shanu a Legas, idan yana da wurin zuba lita ɗari shida ko fiye, zai sayi man a inda ya fi araha ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 ba tare da ya dogara ga 'yan bumburutu na bakin hanya ba, waɗanda ba a da tabbacin ingancin abin da suke sayarwa. Ribar da ke cikin wannan dabara ita ce ta buɗe wa masu walda kasuwar ƙera tankuna, a Potiskum da sauran garuruwan sufuri na arewa.

Yadda ake ƙera tankin shi ne ke bayyana inda dattin yake fitowa. Mai walda yakan sayi fallen ƙarfe, ya yanka shi da injin giraindin ko da wutar gas, ya lanƙwasa shi, sannan ya haɗa gefuna da walda. Kowane mataki yana barin abinsa. Yanka da gogewa suna zubar da garin ƙarfe haɗe da garin dutsen giraindin, wanda ya fi ƙarfen kansa tauri. Waldar lantarki da ake yi da sandar walda tana barin ɓawo a kan ɗinkin, wanda a waje ake ƙwanƙwasa shi da guduma ya faɗi, amma a ciki, musamman a ɗinkin ƙarshe da ya rufe tankin, babu hannun da zai kai gare shi. Tartsatsin walda kan daskare ya zama ƙananan ƙwallaye da ke manne a jikin ƙarfen, su saki daga baya sa'ad da mota ta fara shan gargada. Shi kansa fallen ƙarfen yana zuwa daga masana'anta da wani baƙin ɓawo mai sheƙi a fuskarsa, wanda yake ɓantarewa sannu a hankali. Bayan an rufe tankin kuma sai a huda shi domin bakin zuba mai, da bututun jan mai, da na mayar da shi, da ma'aunin da ke nuna wa direba yawan abin da ya rage, kuma duk ɓarɓashin da aka huda ciki yake faɗawa.

Akwai kuma wani abu da ke ƙara wahalar da aikin. Babban tanki ba fili ne guda a ciki ba. Ana sanya masa shingaye na ƙarfe masu huda domin su hana man yin tambal-tambal idan mota ta taka birki ko ta sha kwana. Waɗannan shingaye suna da amfani ga lafiyar tankin, amma a bayansu datti ke ɓuya, ta yadda wanda ya leƙa ta bakin tanki da tocila zai ga ɗaki guda ne kawai cikin uku ko huɗu, ya ce ai ƙal yake.

Tankin da aka sayo a shago ma bai tsira ba. Wanda ya fito daga kamfani yakan zo da murafun roba a bakunansa, amma kafin ya iso daga kasuwar Ladipo ta Legas, ko Nnewi, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, sau da yawa murafun sun ɓace. Daga nan sai ya zauna a bakin shago wata da watanni. A wannan yanki na ƙasa, inda iskar hunturu ke ɗauko ƙura daga Sahara tun daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu, duk ramin da aka bari a buɗe sai ya tara rabonsa. Da damina kuma laima kan shiga ta haifar da tsatsa a jikin ƙarfen da bai taɓa ganin mai ba. Hatta zanzaro yakan sami bakin bututu ya gina ɗakinsa na laka a ciki. Tankin roba, irin na ƙananan motoci da wasu taraktoci, ba ya tsatsa, amma yana zuwa da ɓarɓashin robar da aka yanke wajen buɗe masa ƙofofi. Shi kuwa tankin Beljiyam, wanda a wajen mai saye sabo ne tunda yau ya same shi, yakan iso da dagwalon tsohon mai da ya kwanta a gindinsa tun daga ƙasar da aka cire shi.

Tsofaffin direbobi na iya cewa sun shekara talatin suna ɗaura tanki ba tare da wannan fitina ba, kuma ba ƙarya suka yi ba. Abin da ya sauya shi ne injin. Motocin da suka yi tashe a shekarun 1970 da 1980, irin su Mercedes 911 da sauran waɗanda kamfanin ANAMMCO ya riƙa haɗawa a Enugu, da Steyr ta Bauchi, da Fiat ta kamfanin NTM na Kano, suna amfani da famfon mai na gargajiya wanda ƙarfe ne zalla ke sarrafa shi. Irin wannan famfo yana da haƙuri. Idan datti ya dame shi, akwai kanikawan da suka ƙware wajen kwance shi, su wanke, su sauya 'yan ƙananan sassa, su daidaita shi a kan benci ya koma bakin aiki.

Sababbin injuna ba su da wannan haƙuri. Tun daga tsakiyar shekarun 1990 kamfanoni suka fara komawa ga tsarin da kwamfuta ke sarrafa feshin mai. Kamfanin Denso na Japan ya sanya irin wannan tsari a manyan motoci a 1995, Bosch na Jamus kuma ya kawo shi ga ƙananan motoci a 1997, sannan dokokin rage hayaƙi na Turai suka tilasta wa kowa bin sahu. A waɗannan injuna ana matse man da ƙarfin da ya ninka na iskar tayar tirela sau ɗari biyu ko fiye, a fesa shi ta ƙofofin da ido da ƙyar yake ganinsu. Tazarar da ke tsakanin sassan da ke motsi a cikin nozul ba ta wuce 'yan maikiron ba, shi kuwa maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Silin gashin ɗan Adam yana da kaurin maikiron kusan saba'in. Ma'ana, ƙwayar ƙurar da ta fi gashi siranta sau goma tana iya karce cikin nozul. Motocin Turai na hannu da ake shigowa da su a 'yan shekarun nan, da sababbin samfuran motocin Sin, da yawansu irin wannan injin suke ɗauke da shi, alhali kuwa tankin da ake liƙa musu ana ƙera shi ne yadda aka saba ƙera wa motar 1980.

Wani zai ce ai aikin filta ke nan. Gaskiya ne, amma filta tana da iyaka. An yi ta ne domin ta tare ɗan dattin da ke zuwa cikin mai a tsawon dubban kilomitoci, ba domin ta haɗiye tafin hannu guda na garin ƙarfe a tafiyar farko ba. Da zarar ta toshe, mai yakan ragu, mota ta rasa ƙarfi a hawa, ta riƙa sarƙewa, a ƙarshe ta mutu. Manyan ɓarɓashi kuwa, kamar ɓawon walda ko guntun tsumma, ba sa ma isa filta. Sukan manne a bakin bututun jan mai su tsayar da injin, idan an kashe mota su saki su koma gindin tanki, a tayar ta tashi lafiya, bayan kilomita ashirin ta sake mutuwa. Irin wannan ciwo mai zuwa da komawa ya sa an sha sauya famfo da wayoyi masu lafiya a banza. Abin da ya fi muni shi ne dabarar da wasu ke yi idan dare ya yi musu a daji babu sabuwar filta, wato su huda tsohuwar ko su kewaye ta da tiyo domin dai a isa gari. A lokacin ne dattin ke samun hanya kai tsaye zuwa nozul. Haka nan kasuwa cike take da filta na jabu, waɗanda kwalinsu ya yi kama da na asali amma takardar ciki ba ta tare komai.

Ga motar da ta ɗauko siminti ko hatsi, lalacewa a hanya ɓata lokaci ne. Ga wadda ta ɗauko shanu, lamarin ya fi haka nauyi. Dabbobin da aka cunkusa a bayan tirela suna jure tafiyar ne saboda iskar da ke kaɗa su idan mota na gudu. Idan ta tsaya yini guda cikin rana, sai su galabaita, wasu su faɗi a tattake su, a yanka su a sayar da naman a kan farashin da mahautan wurin suka ga dama. Waɗanda suka isa da rai sun rame, kuma wataƙila ranar kasuwar da aka nufa ta wuce. Wannan asara fatake ne ke ɗaukarta, amma tana komawa kan mai mota ta wata hanyar, domin dillalan kara ba sa mantawa da motar da ta taɓa zubar musu da dukiya a hanya.

Kuɗin gyaran ma ba irin na da ba ne. A watan Mayu na 2023 ana canjin dalar Amurka a kan kimanin naira 460 a farashin gwamnati. Bayan Babban Bankin Nijeriya ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na wannan shekara, sai da dala ta haura naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. Nozul da famfon mai na zamani ba a ƙera su a ƙasar nan, duka daga waje ake sayo su, saboda haka farashinsu ya bi dala sawu da ƙafa. Injin tirela yana da nozul shida, kuma idan garin ƙarfe ya ratsa su, ba kasafai ɗaya kaɗai ke lalacewa ba. Wasu ma bayan an sauya sai an shigar da lambobinsu cikin kwamfutar motar, aikin da ba kowane gareji ke da na'urarsa ba.

Idan aka ɗora wannan a kan sikeli da kuɗin wanke tanki, bambancin a fili yake. A ɗauki misali da tanki mai cin lita 600, a kuma ƙaddara lita a kan naira 1,000 domin sauƙin lissafi. Cika shi sau ɗaya zai ci naira 600,000. Lita goma sha biyar da za a wanke shi da ita naira 15,000 ce, wato kashi biyu da rabi cikin ɗari na kuɗin cikawa sau ɗaya tak, kuma man wankin ba asara ba ne, domin idan aka bar shi ya kwanta aka tace, zai yi amfani wajen wanke kayan gyara a gareji.

Shi aikin kansa ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada. Ana farawa ne tun tankin yana ƙasa, kafin a ɗaura shi, domin da zarar an ɗaure shi a jikin mota ba za a iya juya shi ba. Za a cire ma'aunin mai da bututu da kusar gindi, a bar dukkan ƙofofi a buɗe, a leƙa da tocila da ɗan madubi har bayan shingaye. Sai a bubbuga jikinsa da gudumar roba ko katako, musamman kan layukan walda, domin abin da ke shirin saki ya saki yanzu. Daga nan a juya shi a zazzage, a kuma zura mayen ƙarfe da aka ɗaure a bakin sanda ko waya ya kwaso garin ƙarfen da ya maƙale a lunguna. A nan akwai abin lura, domin mayen ƙarfe ba ya kama alminiyam, ba ya kama yashi ko roba, don haka fitowarsa ƙal ba hujja ba ce cewa tankin ya tsarkaka. Idan akwai tsatsa ko ɓawon walda mai taurin kai, akan zuba guntun sarƙa ko notuna a girgiza tankin su kankare cikin, da sharaɗin a ƙidaya abin da aka zuba a kuma ƙidaya abin da ya fito.

Bayan haka sai ɗauraya. Za a zuba kananzir ko man gas mai tsabta, lita biyar a kowane zagaye, a toshe ƙofofi, mutum biyu su kama tankin su jujjuya shi ta kowace fuska, sannan a tsiyaye ta ƙofar gindi a kan farin ƙyalle da aka ɗaura a bakin bokiti. Ƙyallen shi ne alƙali. Muddin yana nuna baƙi ko wani abu mai ƙyalƙyali, sai a sake. Galibi zagaye uku kan isa. Daga nan a busa iskar kwampireso ta cikin bututun jan mai da na mayarwa, a bar tankin ya bushe, a toshe bakunansa da murfi ko leda har zuwa lokacin ɗaurawa. Wannan ne kuma lokacin da ya dace a gwada ko yana yoyo, ta hanyar hura masa iska kaɗan a shafa ruwan sabulu a kan ɗinkin walda a ga ko zai yi kumfa. Iskar kaɗan ake so, domin tanki mai shafaffen gefe ba taya ba ne, idan aka matsa masa zai kumbura ko ya tsage.

Kurakuran da ake tafkawa wajen wankin ma sun isa a yi magana a kansu, domin wasu sun fi barin tankin da dattinsa haɗari. Na farko shi ne wanki da ruwa. Ruwa da sabulu suna fitar da datti sosai, kuma a tankin roba ko na alminiyam babu laifi idan an busar da shi sarai, amma a tankin baƙin ƙarfe tsatsa kan fara cikin 'yan sa'o'i, sannan ruwan da ya maƙale bayan shinge zai kwanta ƙarƙashin man ya zama mazaunin ƙwayoyin halitta masu haifar da baƙin yauƙi da ke toshe filta. Na biyu shi ne wanki da fetur. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a cikin tanki da ƙasan gareji, kuma a wurin da ake walda taku goma daga nan, tartsatsi ɗaya ya isa. Saboda wannan dalili ba a zura injin zuƙar shara na lantarki cikin tankin da ya taɓa ganin mai, kuma ba a kai wutar walda kusa da tankin da aka riga aka ɗauraye, ko da kananzir ne. Idan gwaji ya nuna yoyo bayan wanki, dole a fitar da tururin gaba ɗaya kafin a gyara, shi ya sa masu lura ke gwada yoyo tun kafin mai ya shiga. Na uku shi ne goge ciki da tsumma, wanda ke barin zare.

Akwai kuma kuskuren da wanki ba ya maganinsa, wato zaɓen ƙarfen. Wasu masu mota kan nemi a ƙera musu tanki da ƙarfe mai rufin zinki, irin na tankin ruwa, bisa tunanin cewa ba ya tsatsa. Man gas yana narkar da zinki sannu a hankali, abin da ya narke kuma yana wuce filta ya daskare a bakin nozul, dalilin da ya sa masu ƙera injuna suke hana amfani da irin wannan ƙarfe a tankin man gas. Haka ma shafa fentin gida a cikin tanki, ko liƙe bakin ma'auni da gam ɗin silikon, duka biyun daga baya sukan saɓule su zama dattin da ake gudu.

To, idan aikin yana da sauƙi haka, me ya sa ake tsallake shi? Amsar tana ga yadda cinikin yake. Ana biyan mai walda ne a kan tanki, ba a kan tsabtar cikinsa ba, kuma mai saye yana iya ganin fenti da kyawun ɗinki amma ba ya ganin bayan shinge. Masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi bayanin irin wannan kasuwa a wata maƙala ta 1970 a kan cinikin tsofaffin motoci, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 2001. Abin da ya nuna shi ne, idan mai saye ba zai iya bambance mai kyau da marar kyau ba, ba zai yarda ya biya ƙarin kuɗi ba, shi kuma mai kyakkyawan aiki sai ya ga wahalar banza yake yi. Maƙerin da ya ɓata rabin yini da lita goma sha biyar ta kananzir yana wanke tanki, farashi ɗaya za a taya masa da maƙwabcinsa da bai wanke ba. Shi bakanike mai ɗaurawa yana ganin wanki hakkin maƙeri ne. Mai mota kuwa yana ƙidaya kwanakin da motarsa ta yi ba lodi, yana matsa wa kowa lamba a gama kafin Laraba.

Abin da ya ƙara rufe asirin matsalar shi ne, idan ɓarna ta auku, akwai wanda aka saba ɗora wa laifi. 'Yan Nijeriya suna da hujjar zargin mai. A watan Fabrairu na 2022 kamfanin NNPC ya amsa cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, abin da ya lalata motoci ya kuma jawo dogayen layuka a gidajen mai. Ga kuma man gas ɗin da ake dafawa ta haramtacciyar hanya a yankin Neja Delta, da wanda ake gauraya shi da kananzir. Saboda haka direban da motarsa ta mutu kwana uku bayan ɗaura sabon tanki, gidan man da ya sha na ƙarshe zai zarga. Wani lokaci yana da gaskiya. Amma hanyar rarrabewa ba ta da wuya, domin idan aka yanka filtar aka buɗe takardarta, garin ƙarfe mai bin mayen ƙarfe da ɓawon walda ba daga gidan mai suke zuwa ba.

Ba a sa ran Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, za ta bi rumfunan walda ɗaya bayan ɗaya tana leƙa tankuna, kuma da wuya ƙarin doka ya yi tasiri a sana'ar da galibinta ba ta da rajista. Waɗanda ke da ikon sauya al'adar su ne masu biyan kuɗi. Ƙungiyar masu manyan motoci ta NARTO da ƙungiyoyin kanikawa da masu walda suna iya mayar da ɗauraya a gaban mai mota wani sashe na cinikin, a sanya mata kuɗinta daban, ta yadda farin ƙyallen zai zama shaidar da mai saye ke gani da idonsa kafin ya cika kuɗin aiki. Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha da ke garin tana da sassan aikin ƙarfe da na mota da za su iya ba da gajeren horo ga yaran da ke koyon sana'a, waɗanda a zahiri su ake bar wa irin wannan aiki.

Ko bayan an wanke an ɗaura, akwai ragowar hattara. Bututu da tiyo da suka haɗa sabon tanki da tsoho su ma sababbi ne, suna buƙatar a busa su. Bakin bututun jan mai ya kamata ya ɗaga kaɗan daga gindin tanki, kuma a samu kusar tsiyaya a wuri mafi gangare domin a riƙa zubar da ruwan raɓa, wanda ke taruwa sosai a lokacin sanyi idan ana kwana da tanki rabi. Yana da kyau a sanya filta mai raba ruwa da mai tsakanin sabon tankin da injin, sannan a sauya dukkan filtoci bayan tafiyar farko ko da lokacinsu bai yi ba, a kuma ajiye guda biyu na asali a akwatin direba. Wannan ƙa'ida ta shafi tankunan taraktoci, da na injinan niƙa, da na manyan janaretoci da ake ƙerawa a rumfunan walda guda da na tireloli, da fallen ƙarfe iri ɗaya.